Hatimi da Alƙalami: Nazari a Kan Littattafan Mashahuran Mutane

1.0 Gabatarwa

Daga cikin littattafan da suka fi shiga hannun jama'a akwai wani rukuni wanda ba a cika tattauna shi ba a tarurrukan nazarin adabi irin wannan, watau littattafan da ke ɗauke da sunayen mutanen da suka riga suka shahara a wani fage daban da na rubutu. A cikinsu akwai shugabannin ƙasa da manyan hafsoshin soja, akwai kuma 'yan wasa da mawaƙa da 'ya'yan sarakuna. Wasu tarihin rayuwarsu suke bayarwa, wasu kuwa ƙagaggen labari suke fitarwa. Abin da ya haɗa su duka shi ne, mai saye yakan miƙa kuɗinsa saboda sunan da ya gani a bango, tun bai san abin da ke ciki ba.

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana yadda ake samar da irin waɗannan littattafai, sa'an nan ta ba da wani ma'auni da malami zai riƙe in ya zo koyar da su. Za a nuna cewa sunan da ke bangon littafi yana iya tsayawa a ɗayan matsayi biyu. Wani lokaci matsayin hatimi yake, watau shaidar cewa mai sunan ya amince da maganar kuma ya ɗauki nauyinta. Wani lokaci kuwa matsayin alƙalami yake, watau da'awar cewa mai sunan shi ya zaɓi kalmomin, shi ya tsara su. Za a gwada wannan ma'auni a kan littattafai biyu na shugabannin Arewacin Nijeriya, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da My Life na Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Za a kuma kawo misalai daga Ingila da Amurka, domin a can ne wannan sana'a ta fi kafuwa, a can ne kuma asirinta ya fi tonuwa.

Batun ya shafe mu kai tsaye, mu da ke horar da malaman gobe. Ɗalibi yakan ɗauko magana daga tarihin rayuwar wani shugaba ya kafa hujja da ita kamar hukuncin alƙali, ko ya yabi wani labari don girman mai shi kawai. In bai koyi rarrabewa a kwaleji ba, haka zai je ya koyar.

2.0 Darajar Suna a Kasuwar Littafi

Kafin a shiga batun wanda ya rubuta, ya kamata a fahimci dalilin da ya sa kamfanonin ɗab'i suke neman mashahurai ido rufe. Buga littafi kasada ce. Kamfani yakan kashe kuɗi a kan gyara da takarda da talla bai san ko za a saya ba. Sananne kuwa da masu sayensa yake zuwa, kuma jaridu da gidajen rediyo da talabijin za su yi masa shela kyauta.

Akwai wani abu da ya faru a Ingila a 2013 wanda ya nuna ƙarfin suna a fili. A watan Afrilu na shekarar aka fitar da wani labarin binciken kisan kai mai suna The Cuckoo's Calling, da sunan wani Robert Galbraith wanda ba wanda ya san shi. Masu sharhi sun yaba da shi, amma kwafin da aka sayar bugagge cikin wata uku bai wuce 1,500 ba. A watan Yuli sai aka gano cewa J. K. Rowling ce, marubuciyar labaran Harry Potter, ta ɓoye sunanta. Cikin 'yan kwanaki littafin ya hau kan gaba a jerin waɗanda aka fi saye, alhali ba a sauya ko harafi ɗaya a cikinsa ba. Haka kuma tarihin rayuwar Yarima Harry na Ingila, Spare, wanda ya fito ran 10 ga Janairu 2023, an sayar da kwafi sama da miliyan 1.4 a ranar farko a Ingila da Amurka da Kanada.

A Nijeriya darajar suna ta fi bayyana a wajen bikin ƙaddamarwa, inda attajirai da masu mulki sukan sayi kwafi kaɗan da kuɗi mai yawa don girmama mai littafin. Sa'ad da aka ƙaddamar da A Journey in Service na Janar Ibrahim Babangida a Abuja ran 20 ga Fabrairu 2025, an yi alkawarin biliyoyin naira a zaure ɗaya don gina ɗakin karatu na tunawa da mulkinsa. Littafin da ya biya kuɗinsa tun ranar fitowa ba ya dogara ga mai karatu na yau da kullum, saboda haka yawan kuɗin da ya tara ba ya gaya mana kome game da ingancinsa.

3.0 Mai Labari da Mai Rubutu

Shugaba ko ɗan wasa ba safai yake da lokacin zama wata da watanni yana rubutu ba, kuma iya mulki ko iya dambe daban yake da iya tsara zance a takarda. Don haka aka sami wata sana'a ta marubutan ɓoye. Yadda aikin yake shi ne, marubucin zai zauna da mai labari sau da yawa yana yi masa tambayoyi yana ɗaukar maganarsa, ya karanta wasiƙunsa da jawabansa, ya tuntuɓi 'yan uwa da abokai, sa'an nan ya tsara babi-babi da bakin mai labarin, kamar shi ne ke magana. Mai labari zai karanta, ya soke abin da bai so, ya ƙara abin da ya ga dama. A ƙarshe sunan marubucin yana iya fitowa a bango da ƙananan haruffa, ko a shafin godiya, ko kuma a ɓoye shi ɗungum bisa yarjejeniya.

Misalan suna da yawa. Kwame Nkrumah ya yi wa sakatariyarsa Erica Powell shiftar tarihinsa da ya fito a 1957, shekarar 'yancin Gana. Alex Haley ne ya tsara tarihin Malcolm X na 1965. Richard Stengel ya yi aiki tare da Nelson Mandela a kan Long Walk to Freedom na 1994. J. R. Moehringer ne ya rubuta wa Yarima Harry, kuma ya fito ya bayyana yadda aikin ya gudana. A duk waɗannan ba a yi wata babbar jayayya ba, domin ba a musanta taimakon ba.

Inda rigima ta tashi shi ne littafin John Kennedy, Profiles in Courage, na 1956, wanda ya ba da labarin wasu 'yan majalisar dattawan Amurka da suka nuna jaruntaka. A 1957 aka ba Kennedy lambar Pulitzer saboda shi. A ƙarshen shekarar wani ɗan jarida, Drew Pearson, ya faɗa a talabijin cewa wani ne ya rubuta masa, aka matsa wa gidan talabijin ɗin har ya janye maganar. Sai a 2008 mataimakinsa Theodore Sorensen ya bayyana a nasa tarihin cewa shi ya yi rubutun farko na yawancin babobin. Abin lura a nan shi ne, lambar yabon ta rubutu ce. Da Kennedy ya tsaya a kan cewa ra'ayin nasa ne, da ba wanda zai ce uffan. Karɓar ladan alƙalami ne ya jawo maganar.

Wannan rarrabewa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa, sarki ba ya zama ya rubuta wasiƙa da hannunsa. Yakan faɗi abin da yake so, magatakarda ya tsara shi da Larabci bisa ƙa'idar wasiƙun sarauta, sa'an nan a buga hatimi. Wasiƙun da Turawa suka samu a gidan Wazirin Sakkwato Buhari a 1903, waɗanda H. F. Backwell ya fassara ya buga a 1927, irin waɗannan ne. Ba wanda ya taɓa cewa wasiƙar Sarkin Kano ta magatakarda ce. Ta sarki ce, domin in ta jawo yaƙi shi za a tambaya. Haka nan rubutaccen zube na Hausa na farko-farko ya ƙunshi labaran da wani ya faɗa wani ya rubuta, kamar tarihin Dorugu da J. F. Schön ya buga cikin Magana Hausa a 1885, da na Baba ta Karo da Mary Smith ta ɗauka daga bakinta ta buga da Turanci a 1954.

A fagen waƙa kuwa al'adar ta sha bamban. Marubutan waƙoƙin Hausa sukan saka sunansu a baitocin ƙarshe, wani lokaci har da sunan mahaifi da gari da ramzin shekara, domin waƙa gwaninta ce, kuma ɗaukar waƙar wani a ce tasa ce abin kunya ne a tsakanin malamai. Sai dai a kula, riƙe alƙalami da hannu ba shi ne abin nufi ba. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, wasu ne suka rubuta masa Imfiraji, amma ba mai shakkar cewa tasa ce, domin shi ya zaɓi kowace kalma, shi ya auna kowane ɗango. Saboda haka duk inda aka ce alƙalami a wannan takarda, ana nufin wanda ya ƙagi zancen ya tsara shi.

4.0 Tarihin Kai: Misalin My Life

My Life ya fito a 1962 daga Maɗaba'ar Jami'ar Kambirij, lokacin Ahmadu Bello yana da shekara takwas a kan kujerar Firimiyan Jihar Arewa. Daga baya aka sami fassararsa ta Hausa mai suna Rayuwata. Bai fito shi kaɗai ba. Maɗaba'ar nan ita ta buga Awo na Obafemi Awolowo a 1960, Kenneth Kaunda ya fitar da Zambia Shall Be Free a 1962, Nnamdi Azikiwe kuma ya biyo baya da My Odyssey a 1970. Watau a zamanin neman 'yanci, tarihin kai ya zama wata hanya da shugaban Afirka yake gabatar da kansa da jama'arsa ga duniya.

Littafin ya fara da haihuwarsa a Raba da nasabarsa zuwa ga Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ya bi ta karatunsa a Kwalejin Katsina, da koyarwa a Midil ta Sakkwato, da hakimcin Raba daga 1934, da aikin En'e bayan an naɗa shi Sardauna a 1938. Daga nan ya shiga siyasa, inda ya daɗe a kan rikicin 1953, sa'ad da Anthony Enahoro ya kawo shawara a majalisar Ikko cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka nemi a ce sai lokacin da ya dace, aka yi musu ihu a titi, har abin ya kai ga tarzomar Kano a watan Mayu. Ya kuma kawo samun mulkin kai na Arewa ran 15 ga Maris 1959, ranar da ta yi daidai da ranar da Turawa suka ci Sakkwato a 1903.

Abu na farko da za a lura da shi shi ne harshen littafin da masu karatun da aka nufa. Da Turanci aka rubuta shi, a Ingila aka buga shi, kuma ya tsaya yana bayanin abubuwan da ɗan Sakkwato ba ya bukatar a bayyana masa, kamar aikin hakimi da tsarin sarauta. Wannan ya nuna cewa Turawa da 'yan bokon Kudu ne aka fi fuskanta, waɗanda a lokacin suke zargin shugabannin Arewa da jan ƙafa da riƙon tsohon tsari. Littafin amsa ce gare su. Nasabar da aka buɗe da ita ma tana cikin amsar, domin tana nuna cewa mulki a Arewa ya girmi zuwan Bature.

Abu na biyu shi ne hannun da ya taimaka. Masu tarihi sun ambaci Sir Rex Niven, tsohon Razdan wanda ya shugabanci Majalisar Wakilai ta Arewa kuma daga baya ya yi aiki a ofishin Firimiya, a matsayin wanda ya tsara rubutun. Bisa ma'aunin da aka kawo a sama, wannan bai fitar da littafin daga hannun Sardauna ba. Shi ya ba da labarin, shi ya amince da shi, da sunansa ya fita yana raye yana kan mulki, kuma abokan hamayyarsa shi suka riƙe da abin da ke ciki. Amma sanin wannan yana hana mu wani kuskure, watau ɗaukar salon Turancin littafin mu ce shi ne salon Sardauna, ko mu gina nazarin halinsa a kan zaɓen wata kalma. Mai son jin muryarsa sai ya nemi jawabansa na majalisa da waɗanda aka ɗauka a rediyo.

Abu na uku ya shafi duk wani tarihin kai, ko wa ya tsara shi. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, sun kuma ce yabon kai jahilci ne. Tarihin kai a tsakanin waɗannan maganganu biyu yake zaune. Mai shi ya ga abin da wani bai gani ba, amma kuma shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne mai zaɓen abin da za a faɗa. Akwai al'amura a rayuwar Sardauna, kamar takarar sarautar Sarkin Musulmi a 1938 wadda Abubakar na Uku ya samu, da shari'ar kuɗin jangali ta 1943 wadda aka wanke shi a kanta bayan ɗaukaka ƙara, waɗanda mai nazari ba zai wadatu da bakin mutum ɗaya a kansu ba. Dole ya haɗa da aikin wasu, kamar babban littafin John Paden na 1986, da kuma abin da 'yan NEPU suka faɗa game da wannan zamani.

Wani lokaci ma abin da ya fi jan hankali a tarihin kai shi ne ya fi rauni. A littafin ɗan dambe Muhammad Ali, The Greatest, na 1975, wanda Richard Durham ya tsara, an ce Ali ya jefa lambar zinariyarsa ta wasannin Olamfik na 1960 cikin kogin Ohio saboda fushin wariyar launin fata. Labarin ya zagaya duniya, amma daga baya wasu makusantansa da masu rubuta tarihinsa suka ce ɓacewa lambar ta yi. A gida kuma, My Command na Olusegun Obasanjo na 1980, kan yaƙin basasa, ya sami martani daga hafsoshin da suka yi yaƙin tare da shi, har Godwin Alabi-Isama ya fitar da The Tragedy of Victory a 2013 yana musanta abubuwa da yawa. Littafin Babangida ya amsa cewa M. K. O. Abiola ne ya ci zaɓen 12 ga Yuni 1993, wanda ikirari ne mai nauyi daga bakin wanda aka soke zaɓen a zamaninsa, amma ya ɗora alhakin sokewar a kan wasu hafsoshi ƙarƙashin Janar Sani Abacha, wanda ya rasu tun 1998, iyalansa kuma suka ƙi yarda. Daga nan za a iya fitar da wata ƙa'ida: abin da mai tarihi ya amsa a kan kansa ya fi ƙarfin hujja bisa abin da ya ɗora wa wanda ba ya nan.

5.0 Ƙagaggen Labari: Misalin Shaihu Umar

In aka juya ga ƙagaggen labari sai hukuncin ya sauya. A tarihin kai, mashahuri yana da abin da ya kawo ko da wani ne ya tsara, watau rayuwarsa. A ƙagaggen labari kuwa babu wata rayuwa da za a ce tasa ce, abin da ke akwai duka ƙira ce da tsari da harshe. In wani ne ya yi waɗannan, to sunan da ke bango tallar kaya ne kawai. Labarin Swan na 1994 da sunan Naomi Campbell, mai tallar tufafi, ya fita, amma Caroline Upcher ce ta rubuta. Nineteen Steps na 2023 da sunan 'yar wasan fim Millie Bobby Brown ya fita, aka yi ta suka saboda sunan Kathleen McGurl da ta tsara shi bai hau bango ba. Bill Clinton kuwa, da ya fitar da The President Is Missing a 2018, sunansa da na James Patterson ne a jere, kowa ya san wanda ya kawo sanin fadar shugaban ƙasa da wanda ya kawo sanin ƙira.

Shaihu Umar ta wata hanya dabam ya zo. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta shirya gasar ƙaga labarai don samar da abin karantawa da boko. Daga wannan yunƙuri aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East, da kuma Shaihu Umar. Abubakar Tafawa Ɓalewa a lokacin saurayi ne ɗan shekara ashirin da ɗaya ko kusa da haka, ya fito daga Kwalejin Katsina ke nan ya kama koyarwa a Midil ta Bauci. Bai shiga majalisa ba sai bayan shekara goma sha uku, bai zama Firayim Minista ba sai 1957. Ba shi da sunan da zai sayar, ba shi da magatakarda. East ya gyara rubuce-rubucen gasar kamar yadda edita yake yi, kuma a littafin da hannunsa ya yi nauyi, watau Jiki Magayi, sunansa ya fito tare da na marubucin. A Shaihu Umar sunan mutum ɗaya ne.

Labarin kansa ya isa shaida. Wani malami ne a Rauta ta ƙasar Bauci almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya ba su labari. An haife shi a Kagara bayan rasuwar mahaifinsa. Uwarsa ta auri Makau, wani bafade wanda 'yan uwansa fadawa suka yi wa ƙazafi bayan wani harin bayi har aka kore shi, ya koma Maƙarfi. Uwar ta tafi Fatika ganin iyayenta, a bayanta aka sace yaron, ya bi ta hannuwa har Kano, inda wani Balarabe, Abdulkarim, ya ɗauke shi zuwa Ber Kufa ya riƙe shi kamar ɗansa, ya yi karatu ya zama malami. Uwar kuwa ta fita nemansa, aka yaudare ta aka sayar, ta bi ta Murzuk har Tarabulus cikin wahala. A can suka haɗu, ba ta daɗe ba ta rasu.

Gwanintar littafin tana cikin wannan tagwayen tafiya. Hanya ɗaya ce ta Sahara, ciniki ɗaya ne na bayi, amma ɗan ya fita da ilimi da daraja, uwar ta fita da ƙasƙanci da ciwo. Marubucin bai tsaya yana wa'azi a kan bauta ba, ya bar mai karatu ya auna da kansa. Harshensa a natse yake, babu barkwancin Ruwan Bagaja, babu kirarin Ganɗoki, kuma wannan natsuwa ta dace da bakin dattijon malami mai haƙuri da ƙaddara. Akwai inda za a soki littafin. Haɗuwar uwa da ɗa ta dogara ga mafarki da katari, ƙarshen kuma ya zo da gaggawa bayan guguwar da ta halaka ayari. Waɗannan kurakuran sabon marubuci ne, kuma ya kamata a faɗe su a aji ba tare da jin nauyin muƙamin da ya riƙe daga baya ba.

Duk da haka shaharar marubucin ta taɓa rayuwar littafin. An sake buga shi a 1955 yana minista. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Turanci a 1967, shekara guda bayan kisan gillar Janairu 1966. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo aka buga a 1975, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976. Idon Matambayi, abokin fitowarsa, bai sami ko kusa da wannan gata ba. Ke nan suna ya buɗe wa littafin ƙofofi, amma ya tarar da shi a rubuce. Ana iya kwatanta shi da Savrola, ƙagaggen labari ɗaya tilo na Winston Churchill, wanda ya fito a 1900 yana saurayi. Churchill ya zama Firayim Ministan Ingila, ya karɓi lambar Nobel ta adabi a 1953 saboda rubuce-rubucensa na tarihi da jawabansa, amma duk wannan bai sa Savrola ya shiga sahun manyan labaran Turanci ba, shi kansa ya shawarci abokansa kada su karanta. Haka nan Leonid Brezhnev na Tarayyar Sobiyat ya karɓi lambar Lenin ta adabi a 1979 saboda littattafai uku na tunawa da rayuwarsa waɗanda 'yan jarida suka rubuta masa, da mulkin ya wuce sai aka daina karanta su. Shaihu Umar kuwa ya haura shekara tamanin ana karanta shi.

6.0 Kammalawa

An yi ƙoƙari a wannan takarda a nuna cewa littattafan mashahurai ba abu ɗaya ba ne, kuma tambayar ko shi ya rubuta da kansa ba ta da amsa ɗaya. A tarihin kai, taimakon marubucin ɓoye bai ɓata littafi ba muddin mai sunan ya ɗauki nauyin abin da ke ciki, kamar yadda wasiƙar sarki take tasa saboda hatiminsa. Abin da ake bukata a nan shi ne a karanta shi a matsayin shaidar ɓangare ɗaya, a kuma guji danganta salonsa ga mai sunan. A ƙagaggen labari kuwa sunan da'awar gwaninta ce, kamar sunan mawaƙi a baitin ƙarshe, saboda haka ɓoye wanda ya tsara shi zalunci ne ga marubucin, yaudara ce kuma ga mai saye.

Shawarar da za a bayar ga malaman kwalejoji ita ce, duk lokacin da irin wannan littafi ya shigo manhaja, a sa ɗalibi ya fara da binciken shekarar da aka rubuta shi da matsayin mai shi a wannan shekara, ya karanta shafin godiya da gabatarwa don gano hannuwan da suka taimaka, ya lura da harshen da aka zaɓa da wurin bugawa don gane waɗanda aka nufa da shi. In tarihin kai ne, a haɗa masa da wani littafi na wanda ya ga al'amarin ta wata fuska, ko da babi ɗaya ne. In ƙagaggen labari ne, a sa shi ya yi nazarin jigo da zubi da salo tukuna, tarihin marubucin ya biyo baya.

Akwai kuma aiki a gaban masu bincike. Ya kamata a gwama Rayuwata da asalinsa na Turanci a ga abin da fassara ta sauya sa'ad da littafin ya dawo ga mutanen da ba su aka fara nufa da shi ba. Haka kuma rubuce-rubucen shugabannin da suka fara da alli kafin siyasa, kamar Waƙar Nijeriya ta Shehu Shagari da Motsi Ya Fi Zama na Aminu Kano, sun cancanci a auna su da wannan ma'auni, a ga wanne ne ya tsaya da ƙafarsa, wanne ne kuma sunan mai shi yake riƙe da shi.